Laxton: ƙauyen Ingila da har yau gonakinsa ba su da shinge

Wanda ya ratsa tsakiyar Ingila a mota, abin da zai fi cika masa ido shi ne gonaki masu kusurwa huɗu, kowace an kewaye ta da shingen ƙaya kore shar, gidan mai gonar kuma yana can shi kaɗai a tsakiyar filinsa, nesa da maƙwabci. Baƙo sai ya ɗauka haka ƙasar take tun fil azal, alhali yawancin shingayen nan shekarunsu ba su wuce ɗari biyu zuwa ɗari uku ba. Kafin zuwansu a cikin gari manoma suke zaune, gida kusa da gida, gonakinsu kuma suna warwatse ziri-ziri a cikin manyan filaye buɗaɗɗu. Akwai 'yan wuraren da ragowar irin waɗannan gonaki suka tsira, kamar Braunton a yankin Devon, amma ƙauye ɗaya tak ya rage da ke noma bisa cikakken tsarin na da, har da kotun gari mai cin tarar wanda ya ci iyaka. Sunansa Laxton.

Laxton yana gundumar Nottinghamshire, tsakanin garuruwan Newark da Retford, gabas da dajin Sherwood, 'yan kilomitoci kaɗan daga babbar hanyar A1 da ta taso daga Landan ta nufi arewa. Mutanensa ba su kai ɗari biyar ba. Gine-ginen na jan bulo ne da rufin jan tayil, akwai tsohuwar coci, akwai mashayar gari mai suna Dovecote. Duk wannan ana samun irinsa a ƙauyuka da dama. Abin da ya bambanta shi sai an bi babban titin garin a ƙasa ake ganinsa: gidajen noma ne a jere bakin titi, da rumbunansu da farfajiyar da tarakta ke kwana, kowane gida kuma da doguwar garka a bayansa da ta miƙe har zuwa wata 'yar hanyar baya. Manomin da gonarsa ke warwatse a wuri goma ba shi da dalilin gina gida a ɗaya daga cikinsu, tsakiyar gari ta fi masa kusa da duka. Fasalin gonakin ne ya riƙe mutane a cikin gari.

Sunan ƙauyen ya fito a babban kundin ƙidaya na Domesday, wanda Sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086, shekara ashirin bayan ya ƙetaro daga Nomandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. A lokacin ƙasar tana hannun wani basarake mai suna Geoffrey Alselin, an kuma lissafa mutum 35, manoma da bayi. Arewa da gari har yanzu ana ganin tudun ƙasa da ramukan ganuwar gidan sarautar da mutanen nan na Nomandi suka gina. Iyalin de Caux da suka zauna a ciki su ne masu gadon sarautar kula da dajin Sherwood, saboda haka a ƙarni na 12 da na 13 Laxton gari ne mai ji da kansa, Sarki John ma ya sha sauka a nan. A wannan zamanin ne wani gida ɗaya na ƙauyen, gidan Lexington, ya fitar da 'yan'uwa da suka yi suna: Robert ya zama babban alƙali, Henry ya zama bishop na Lincoln, Stephen kuma ya shugabanci gidan ibada na Clairvaux a Faransa. Girman cocin garin, wanda ya fi ƙarfin yawan mutanen yau, gadon wancan lokacin ne. Daga baya sarautar daji ta bar garin, ya koma ƙauyen manoma kamar kowane.

Wanda yake son gane tsarin gonakin, to ya fara da ƙasar da garmar. Ƙasar Laxton jan yumɓu ce mai nauyi, tana riƙe ruwa, idan ta jiƙe ta kama ƙafa, idan ta bushe ta yi tauri kamar bulo. Irin wannan ƙasa ba ta huɗuwa sai da babbar garma mai wuƙa a gaba da ke yanka ƙasa, da allo a gefe da ke kifar da ita, kullum zuwa hannun dama. Jan wannan garma a yumɓu yakan ci shanu har takwas, biyu-biyu a jere. Juya ayarin shanu takwas a ƙarshen layi aiki ne ja, don haka dabara ita ce a tsawaita layin a rage yawan juyi. Daga nan ziri ya samo asali: gona doguwa siririya. Ma'aunin eka na Ingilishi kansa haka ya fito, tsawon yadi 220 da faɗin yadi 22, wato kimanin mita 201 da mita 20, gwargwadon abin da ake ganin garma za ta huɗe a yini. A aikace ziri yakan gaza eka, musamman a ƙasa mai nauyi.

Mai huɗa yakan fara daga tsakiyar zirin, ya je ya dawo yana kewayawa zuwa gefe, garmar tana ta tura ƙasa ciki. Shekara da shekaru ana haka, sai tsakiya ta yi tozo, gefe biyu su zama kwari. Ga shi kamar ƙatuwar kunya mai faɗin mita biyar zuwa goma. Kwarin nan aiki biyu yake yi, shi ne magudanar ruwa, shi ne kuma iyaka tsakanin maƙwabta. Shi ya sa ake jera zirin bin gangare, rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fuskanci inda ruwa zai sauka. Shekarar da ruwa ya yi yawa shukar kan tozo ce ke tsira, shekarar fari kuma ta kusa da kwari. Akwai wani ƙaramin abu da ke burge masu nazarin ƙasa: tsofaffin zirin ba miƙaƙƙu ba ne sak, suna ɗan lanƙwasa a baki biyu. Dalili shi ne mai korar shanu yakan fara karkata su hagu tun kafin a kai ƙarshe, don su sami filin juyawa dama. Garmar zamani ta baje wannan tozo a inda ake nomawa, amma a makiyayun da ke kewaye da gari, inda ciyawa ta rufe ƙasa tun ɗaruruwan shekaru, da yamma idan rana ta yi ƙasa inuwa tana fito da su sarai kamar igiyar ruwa.

To me ya sa gonar mutum ɗaya za ta warwatse? Talaka ɗaya ba shi da shanu takwas. Wannan ya kawo biyu, wancan ya kawo ɗaya, a haɗa garma guda. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne, yau a huɗe wa wannan, gobe a huɗe wa na kusa da shi, a haka rabon kowa ya bazu ko'ina cikin filin. Amfanin hakan a fili yake: kowa ya sami rabonsa na ƙasa mai kyau da marar kyau, na tudu da na fadama, na kusa da na nesa. Ƙanƙara ko ambaliya ba ta cinye wa mutum ɗaya komai nasa.

Filayen Laxton uku ne a yau: Filin Yamma, Filin Kudu, da Filin Injin Niƙa, wanda ya ci sunan injin niƙa mai aiki da iska da ya taɓa tsayawa a cikinsa. Juyin shuka na shekara uku ake yi, kuma doka ce a kan kowa. Fili ɗaya alkama, a shuka wajen Oktoba, ta kwana cikin sanyin hunturu, a girbe a Agusta. Fili na biyu shukar Maris zuwa Afrilu, kamar sha'ir ko wake. Na uku ya huta. Shekara na zagayowa kowane fili ya matsa gaba da taki ɗaya. A da, filin da ke hutu makiyaya ce ta gari duka, tumaki da shanu su ci ciyawa su bar taki. Bayan girbi ma akan kaɗa ƙararrawar coci a saki gonaki wa dabbobi, kusan yadda ake sakin gonaki bayan kaka a ƙasar Hausa, sai dai a can kowane gida da adadin dabbobin da aka yanka masa. A nan ne dalilin tilasta shuka iri ɗaya yake: idan za a saki dabbobi rana ɗaya a filin da ba shinge, dole kowa ya kwashe amfaninsa kafin ranar. Mutum ɗaya ya shuka abin da ke nuna a makare, ko dai ya tsare gari duka, ko dabbobi su cinye masa. Kiwon gama-gari ya mutu a ƙarni na 20, kuma tun shekarun 1960 aka yarda a shuka ciyawar yanka a filin hutu, amma juyin bai canja ba. Illarsa ɗaya da kowane manomin tsarin ya sani ita ce, idan rabonka bai daidaita tsakanin filaye uku ba, shekarar da babban rabonka ke hutu shekarar ƙunci ce.

Abin da ya sa aka san Laxton ciki da bai fiye da sauran ƙauyuka shi ne wata taswira. Wani attajirin Landan, Sir William Courten, ya sayi ƙasar garin a 1625, ya kuma sa wani ma'auni mai suna Mark Pierce ya auna masa dukiyarsa. Pierce ya gama a 1635. Ya zana kowane ziri ya ba shi lamba, ya rubuta mai shi da girmansa a wani littafi daban, har ya ƙawata taswirar da 'yan hotunan masu huɗa da masu girbi. Tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. A lissafinsa ziri 2,280 ne a fili mai kusan eka 1,900, wato kowane ziri bai cika eka ba. Yau abin da ya rage a buɗe kimanin eka 480 ne, ziri 164, kowane kusan eka uku. Wanda ya riƙe hoton taswirar ya shiga filin zai tarar da hanyoyi da magudanai da dama suna nan inda Pierce ya zana su.

Sauran Ingila kuwa killacewa ta cinye ta. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokokin killace ƙasa sama da 5,200, da suka shafi eka miliyan 6.8, mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850. Yadda ake yi shi ne masu mafi yawan ƙasar gari, a ma'aunin eka ba a yawan kawuna ba, su kai buƙata majalisa. A naɗa kwamishinoni, galibi uku, su zo da ma'auna, a soke zirin duka, a tattara wa kowa rabonsa wuri ɗaya, a ba shi wa'adin dasa shinge da kuɗinsa. Babban manomi ya ci riba, domin yanzu zai shuka abin da ya ga dama, ya ware dabbobinsa ya inganta irinsu. Ƙaramin manomi sau da yawa kuɗin lauya da na awo da na shinge sun fi ƙarfinsa, sai ya sayar. Wanda ya fi shan wuya shi ne talakan da ba shi da takarda, yana kiwon saniya ɗaya da 'yan dinya a makiyayar gari bisa al'ada kawai. Rana ɗaya ya wayi gari ba makiyaya, ya koma ɗan ƙwadago ko ya nufi masaƙun birni.

Laxton bai tsira don mutanensa sun fi kowa son gado ba. An yi ta gutsurar gefen filayen kaɗan-kaɗan ana killacewa, har fili na huɗu, na gabas, ya ɓace gaba ɗaya. Abin da ya hana a gama da sauran jan ƙafa ne da rashin jituwa. Tun 1640 yawancin ƙasar ta koma hannun gidan Pierrepont, waɗanda daga baya suka riƙe sarautar Manvers, amma gidan Scarbrough ma yana da kaso mai tsoka, kuma manyan biyu ba su daidaita kan yadda za a raba ba. Da aka warware wannan a shekarun 1860, kuɗin Manvers ya tafi ginin ƙaton gidansa na Thoresby. Kafin a farfaɗo, alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1870, farashi ya faɗi, babu mai zuba kuɗi a shingen gonar yumɓu. Abin da aka iya yi a farkon shekarun 1900 shi ne haɗe ƙananan zirin su zama manya, don su ɗauki injin da doki ke ja. Zuwa lokacin da noma ya sake yin riba, an riga an gane cewa babu irin Laxton a ƙasar. A 1952 gidan Manvers ya sayar wa Ma'aikatar Gona, a 1981 ƙasar ta koma hukumar kula da kadarorin masarautar Birtaniya, a 2020 kuma ta dawo hannun masu Thoresby, da alkawarin ci gaba da tsarin.

Mallakar hannu ɗaya ta taimaka ƙwarai, domin manoman 'yan haya ne, kuma bin tsarin yana cikin sharuɗɗan haya. Amma abin da ke riƙe da iyakoki a ƙasa, shekara bayan shekara, kotun gari ce, wadda suke kira Court Leet. A 1977 majalisa ta yi dokar da ta ƙwace ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotuna, ta ambaci ta Laxton da suna ta bar mata nata. Saboda haka tarar da take ci ba wasan kwaikwayo ba ne na jawo 'yan yawon buɗe ido.

Ga yadda aikin yake. A ƙarshen Nuwamba, rantsattsu goma sha biyu da shugabansu, dukansu mutanen gari, sukan hau tirelar tarakta da safe, da damin turaku na katako da manyan guduma. Filin da za su duba shi ne wanda ya fito daga hutu aka shuka masa alkama, don a lokacin ne sabuwar huɗa ke nuna wanda ya wuce gona da iri. Su rabu ƙungiya-ƙungiya, su bi bakin kowane ziri cikin taɓo, ana hango turke daga turke da ido. Inda tsohon turke ya ruɓe ko tarakta ta karya shi, a kafa sabo. Inda garma ta shiga ciyawar gari da taku ɗaya ko biyu, a rubuta. Akwai laifin da ya fi yawa, wanda sai mai noma zai gane nauyinsa: garma idan ta fito ƙarshen layi tana jawo ƙasa ta zubar a kan hanya, kuma wajibin mai zirin ne ya sa shebur ya mayar da ita gonarsa. Ya bar ta, hanya ta yi tudu, ruwa ya kwanta, iyaka ta matsa. Bayan zagayen sai a koma Dovecote a ci abinci, a tattauna, a rubuta takardar laifuka da tarar da aka ga ta dace.

Mako guda bayan haka, a farkon Disamba, kotu ta zauna a ɗakin mashayar. Wakilin mai ƙasa, wanda lauya ne, shi ke shugabanta. Masinjan kotu ya yi shela ya buɗe zama, a kira sunayen masu haƙƙi ɗaya bayan ɗaya, wanda bai zo ba a biya masa kuɗin uzuri, kwabo biyu na Ingila. A karanta laifuka, wanda ake tuhuma ya kare kansa a gaban maƙwabtansa, a tabbatar da tara ko a rage. Sannan a rantsar da sababbin mutum goma sha biyu na filin baɗi, da mai tsare dabbobin da suka yi ɓarna, wanda har yau 'yar garkarsa ta bulo tana nan kusa da mashayar ko da yake aikin ya zama na suna. Tarar 'yan fam-fam ce, ba ta kai kuɗin man tarakta na yini ba. Abin da ke aiki shi ne kunya, da sanin cewa wanda ka ci tararsa bana yana iya zama mai duba zirinka baɗi. Wannan ne ke sa hukuncin ya zauna daidai, ba zalunci ba sakaci.

Ciyawar garin da ake ta karewa tana da nata labarin. Tsakanin rukunin zirin akwai filayen ciyawa da ba a taɓa huɗewa ba, suna kiransu sik, galibi a kwari inda ruwa ke bi ko inda gangare ya yi tsanani. Su ne burtalin filin, su ne hanyar kai kaya, su ne magudana. Da yake ba a zuba musu takin zamani ko maganin feshi, furanni da ciyayin da suka ɓace a yawancin gonakin Ingila suna nan, har hukuma ta sa wasunsu cikin wuraren da doka ke karewa saboda halittunsu. Kowane Yuni akan yi gwanjon ciyawar don yin ingirici, kuma bisa al'ada mai tayawa sai wanda hayaƙi ke tashi daga gidansa a Laxton. Feshin da iska ta kwaso daga zirin maƙwabci ya ƙona bakin sik, shi ma laifi ne da ke shiga takarda.

Wahalar tsarin a yau ba ɓoyayya ba ce. Injunan zamani an ƙera su ne don fili mai eka hamsin ko ɗari. Na'urar feshi mai fuka-fuki mita 24 ba ta sakewa a zirin da faɗinsa bai taka kara ya karya ba, motar girbi kuma rabin yininta a juyi da tafiya daga wannan ziri zuwa wancan yake ƙarewa. Yumɓu ba ya haƙuri: kwanakin da ƙasa ke daidai huɗa a kaka kaɗan ne, wanda ya shiga da tarakta mai nauyi tana jiƙe ya danne ta, ruwa ya daina shiga, alkama ta yi rawaya a layin taya har girbi. Maƙwabci ya yi sakaci da ciyawa, irinta ya faɗo naka, ba shingen da zai tare. Gonakin kuma ƙanana ne a ma'aunin Ingila, ko an haɗa da killatattun filayen da kowane gida ke da su a gefe, shi ya sa da wuya gidan da ba ya haɗawa da wata sana'a. Tallafin da gwamnati ke biya bisa yawan eka an fara janye shi tun 2021, ana maye gurbinsa da biyan manomi don kula da muhalli da kayan tarihi. A takarda wannan ya dace da Laxton, amma kuɗi ne da ke zuwa da wa'adi da sharuɗɗa, ba abin da saurayi zai gina rayuwar shekara talatin a kansa ba.

Babbar barazanar ita ce yawan mutane. Gidajen noman da suka rage ba su kai ashirin ba, kotu kuma tana buƙatar mutum goma sha uku kowace shekara waɗanda suka san inda kowane turke yake. Duk lokacin da tsohon ɗan haya ya ajiye aiki ba magaji, mai ƙasa yana da zaɓi biyu. Ya raba gonar wa maƙwabta ya ba da gidan haya ga ma'aikacin birni, wanda ya fi kawo kuɗi nan take. Ko ya nemo sabon iyali matasa ya ba su gida da gona a kan haya mai sauƙi, ya jure ƙarancin riba. Zaɓi na farko idan aka yi shi sau biyar ko shida, zirin za su kasance a hannun mutum uku ko huɗu, kuma mutum huɗu ba sa buƙatar kotu, a waya za su daidaita. Sharuɗɗan hayar da masu Thoresby za su rubuta wa gidajen da za su faɗi nan da shekara goma zuwa ashirin su ne za su nuna ko tirela za ta ci gaba da cika a ƙarshen Nuwamba.